Kwana biyu a kwale-kwale a fadamar Haɗeja: wa ya taɓa yi?

Malamin Firamare:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, amma ku bari in fara da yadda abin ya shiga raina, kada a ce na zare.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Kogi bai fi tafiyar minti 20 da ƙafa daga gidanmu ba, amma iyakar sanina da kwale-kwale shi ne fito: ka biya, ka tsuguna tsakanin buhun taki da babur ɗin wani, kafin ka gama addu'ar shiga jirgi an tsallake. Da daminar nan ƙanina ya turo mini bidiyon wasu mutanen Kanada a wani gandun daji da ake kira Algonquin a lardin Ontariyo. Su biyu ne, da ɗan jirgi marar nauyi. Su yi tuƙi daga wannan tafki zuwa wancan, in ruwa ya ƙare mutum ɗaya ya kife jirgin a kansa ya bi ta cikin daji da shi kamar wanda ya ɗauko faifai, har su tarar da wani ruwan. Da yamma su kafa tanti, su dafa shayi, su rataye abincinsu a reshen bishiya saboda namun daji. Sai da na kalle shi ya kai sau goma, datana ta ƙare a kansa.

Sai na ce wa kaina, to mu da Allah ya ba mu fadama tun daga Haɗeja har Nguru, mutane suna tasowa daga Turai su zo kallon tsuntsayenta, ni kuwa ɗan Jigawa ban taɓa wuce gadar Haɗeja ba?

Mu uku ne, ni da abokin aikina da ƙanin nan nawa. Muna son mu yi kwana biyu a ruwa a hutun Disamba. Ni na iya iyo daidai gwargwado, irin na kududdufi. Ƙanina ya fi ni. Abokin aikina ko a bahon wanka zai iya nutsewa, shi ma ya sani. Abin da nake so in ji: Disamba ya yi? Daga ina ake shiga? Hayar jirgi za mu yi mu tuƙa da kanmu ko kuwa? A ina ake kwana, kuma izinin wa ake nema? Me za mu ɗauka?

Inna dai ta riga ta yanke hukuncinta, ta ce ruwa ba sa'an kwando ba ne. Maiɗakina kuma ta ce sai wanda ya ƙoshi yake biyan kuɗi a ba shi wahala. Don Allah wanda ya san wajen ya yi magana.

Ɗan Masunta:

Wa'alaikumus salam Malam. Ni a ƙasar Guri aka haife ni, mahaifina da kakana duk da koma suka ci abinci, ni ma sai da na gama sakandare na bar ruwa. Zan ba ka amsa, amma ka fara cire bidiyon nan daga kanka. Jirginmu na katako ne, in ya sha ruwa ƙarti huɗu ma sai sun yi nishi kafin su ja shi gaɓa. Ba wanda zai kife shi a ka.

Disamba ka dace. Agusta da Satumba ruwa ya yi ƙarfi, gonaki duk suna ƙarƙashinsa, ɗan tudun da ya rage kuwa kai da macizai za ku raba shi. Daga Maris ruwa ya janye a wurare da yawa, rana kuma ta buɗe, sai ka yini kana tura jirgi cikin taɓo. Tsakanin Disamba da Janairu ruwan ya kwanta, akwai tudun kwana, sauro ya ɗan ragu. Ragu na ce, ban ce ya tafi ba. Abin da zai ba ka mamaki shi ne sanyi. Sanyin kan ruwa da asubar hunturu ba irin na cikin gari ba ne, har ƙashi yake shiga. Kowa ya zo da bargonsa da hular sanyi.

Maganar ku tuƙa da kanku kuwa, ka bar ta. Ba don tuƙin yana da wuya ba, yaro ɗan shekara goma yana yi. Kachalla ce matsalar, doguwar ciyawar ruwan nan. Ƙasa da garin Haɗeja kogin yana rarrabuwa, akwai Marma da ke tafiya tafkin Nguru, akwai Burum Gana, akwai tsohon kogi, sannan ga ƙananan hanyoyi ba adadi. A taswirar waya duk za ka gan su shuɗaye tas kamar titi. In ka je sai ka tarar da ciyawa ta fi tsayin mutum biyu ta rufe ko'ina, sai 'yar siririyar hanya da masunta suka sare da lauje, faɗinta daidai jirgi ɗaya. Hanyar da aka bi bara ba lallai a bi ta bana ba. Tsofaffinmu suna cewa da can kogin yakan ƙafe da rani, duk ciyawar da ta fito ta mutu. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya riƙa zuwa rani da damina, kachalla ta samu abin da take so. Ta tare yashi, yashi ya toshe hanya, ruwa ya juya ya shiga gonakin mutane. Gwamnati takan kawo injinan yashe kogi masu tafiya a kan ruwa, jama'a ma suna fita aikin gayya, amma kana sarewa tana tofowa.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni, ni da aka haifa a ciki. Wani ɗan kawuna ya zo daga Kano, na ce zan nuna masa gari. Muka fita bayan la'asar, muka shiga wata hanya da na rantse na san ta. Muka zo mararraba, na ɗauki dama. Muka sake zuwa wata, na sake ɗaukar dama. Magariba ta yi mana muna tsakiyar kachalla, gabas da yamma duk ɗaya, sama kaɗai muke gani kamar muna cikin rijiya. Na miƙe tsaye a kan jirgi ban hango komai ba sai kan ciyawa. Nan muka kwana a zaune, muka lulluɓe da buhu ɗaya, sauro yana kuka a kunne kamar injin niƙa. Shi ɗan Kano har wasiyya ya fara yi mini a kan babur ɗinsa. Abin da ya fitar da mu kiran sallar asuba ne, na ji shi daga bayanmu, ashe garin bai kai tafiyar rabin awa ba. Da muka isa mahaifina bai ce uffan ba, sai ya karɓe gorar tuƙin, sai da na yi wata guda ban taɓa ta ba.

Don haka ku ɗauki jirgi da matuƙinsa. Kuma kada ku tsaya a bakin ruwa ku yi ciniki da wanda kuka fara gani. Ku je wajen mai gari ku gaishe shi, ku faɗi ko ku su wane ne da abin da ya kawo ku, shi zai haɗa ku da Sarkin Ruwa, Sarkin Ruwa ya ba ku mutum. Wannan ruwan da kake gani kamar ba na kowa ba, kowane lungu da mai shi. An san wanda ke da ikon kafa dumba (shingen tare kifi) a nan, an san mai zuba mali (tarkon kifi) a can. Baƙo uku da jakunkuna a cikin jirgi ba wanda ya san su, kafin azahar labarinku ya kai gari uku, kuma ba labari mai daɗi ba. In kuwa da ɗan Sarkin Ruwa kuke, duk inda kuka sauka sai an ba ku tabarma. Ku ajiye goro ko ɗan abin gaisuwa. Kuɗin jirgi ba zan faɗa ba, ku yi magana da shi a gaban wanda ya haɗa ku, ku kuma yanke ko abincinsa a kanku yake.

Kwana: ku bar wa matuƙi ya zaɓa. Galibi zai kai ku tudun da masunta suke sansani suna banda. Akwai hayaƙi, akwai ƙarni, amma hayaƙin nan shi ke korar sauro, kuma akwai mutane. Ku sauka tun rana tana sama, ƙarfe 4 ku riga kun ɗaure jirgi. Ba a tafiyar dare.

Kaya kada su yi yawa. Ku nemi bokitin fenti mai murfi, babba, guda biyu, ku wanke. Ɗaya na waya da ashana da tocila da kayan sawa, ɗaya na abinci. Ko jirgi ya kife bokitin zai taso, kuma kujera ce in an sauka. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, ganyen shayi, dabino, taliya, ɗan mai da yaji da albasa. Kifi kada ku saya daga gida, abin kunya ne. Za ku samu tarwaɗa da karfasa a hannun masu shi, in kun yi sa'a har bargi. Tamfol ɗaya, tabarma, igiya. Ku yanke galan ku yi abin kwarfe ruwa, domin babu jirgin katakon da ba ya yoyo, kuma aikin abokin nan naka ke nan tun da bai iya komai ba. Kaya masu nauyi a tsakiya, a ƙasa. Kowa ya zauna, ba a miƙewa don ɗaukar hoto. In kun ga gora ko 'yar roba tana yawo a kan ruwa, alamar kalli ce (ragar kamun kifi) ko mamari (igiya mai ƙugiyoyi), ku kauce, kada hannun kowa ya kai.

Ma'aikaciyar Lafiya:

Malam sannu da ƙoƙari. Ɗan Masunta ya gama magana a kan ruwa, ni zan yi a kan jikinku, don mu ake kawo wa in an dawo.

Wanda bai iya iyo ba kada ya taka jirgin nan sai da rigar kariya daga nutsewa a jikinsa, a ɗaure, ba a ajiye ta a gefe ana zama a kanta ba. Ku ma masu iyon ku saka. Iyon kududdufi da gajeren wando daban, faɗawa ruwan sanyi da rigar sanyi da takalmi ciyawa tana naɗe maka ƙafa daban. Ba mu manta da abin da ya faru a Bagwai ba a ƙarshen Nuwambar 2021, jirgi ya kife a dam ɗin Watari da 'yan Islamiyya masu tafiya Mauludi, aka rasa rayuka sama da 20, yawancinsu yara. Ba teku ba ne, ruwan da suke tsallakewa kullum ne. In ba ku samu ta aro ba ku saya a Kano, ta fi komai da ke cikin bokitinku daraja.

Na biyu tsargiya. Kwantaccen ruwa mai ciyawa shi ne gidan 'yan ƙananan katantanwar da ke ɗauke da ita. Ba sai ka sha ba, ta fata take shiga, wanka ko tsayawa a ciki ya isa. Ba za ka ji komai a ranar ba sai ɗan ƙaiƙayi, sai bayan makonni ka ga jini a ƙarshen fitsari. A ƙauyukanmu har yanzu akwai masu ɗaukar wannan alamar balaga ce ga yaro namiji, alhali ciwo ne da ke lalata mafitsara in ya daɗe. Ku rage shiga ruwa in ba dole ba. Ruwan sha ku tafi da shi, in ya ƙare ku tafasa na kogi ya tafasa sosai, har na alwala in da hali. In kun dawo da kamar wata biyu ku je a duba fitsarinku ko ba ku ga komai ba. Maganinta praziquantel, ba shi da wuyar samu, amma da nauyin mutum ake auna shi, kada ku saya a tire.

Gidan sauro mai magani kowa da nasa. Zazzaɓi in ya zo bayan kun dawo, a yi gwaji, kada a ce gajiya ce. Ku riƙe 'yan ƙullin gishiri da sukari na gudawa. Da safe a zazzage takalmi da bargo kafin a taɓa, saboda kunama. In Allah ya kiyaye maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau da igiya. A kwantar da shi a jirgi kada ya yi tafiya, a nufi asibiti mafi kusa. Tun kafin ku shiga ruwa ku tambayi matuƙi ina ne mashigin da mota ke iya zuwa.

Sannan kada sanyi ya sa ku shigar da garwashi cikin tanti ku rufe. Barci ne da ba a tashi.

Mai Kanti:

Ni dai Malam da za ka ji tawa, kuɗin jirgi da na riga da na mota ka haɗa ka sayi taki ka yi noman rani. Tsuntsu ko a kan dalbejiyar makarantarku akwai shi. Amma tun da ka ƙudura, Allah ya tsare. Ka taho mana da banda.

Tsohon Ma'aikacin Gandu:

Ɗana, na ji daɗin tambayarka. Na yi shekaru ina aikin gandun daji kafin in yi ritaya, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne baƙi sun fi 'yan gida sanin darajar wajen nan. Mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, Yarima Filip, sai da ya tako har Dagona ta Yobe a 1989 don tsuntsayen fadamar nan. Tafkin Nguru da hanyar Marma sun shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, wanda ake kira jerin Ramsar, a shekarar 2000, Baturiya ta ƙasar Kirikasamma ta bi baya a 2008. Amma ka tambayi ɗan sakandare a Dutse ina ne Baturiya ka ji.

In tsuntsaye kake so, lokacin da ka zaɓa shi ne lokacinsu. Agwagin Turai suna gudo sanyin ƙasarsu, su ƙetare hamada, su sauka a nan su yi hunturu, wajen Maris su koma. Za ka same su gauraye da namu na gida, kirinjijiya masu fito, da dinya, da zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi, belbela kuwa ba a magana. Shamuwa kada ka neme ta, ita baƙuwar damina ce. Sa'arka biyu ce: daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Ka ce wa matuƙi ya daina tuƙi ya bar jirgin ya tsaya a gefen bado, ku yi shiru. Shirun nan shi ne ya fi wuya ga mutanenmu. Ku bar rediyo da sifika a gida. Da magariba kuma za ka ga jan baki suna dawowa kwana cikin kachalla kamar hayaƙi. Kai za ka ce masha Allah, manomin shinkafar da ke gefenka kuwa Allah ya isa yake yi, don su ne suke cinye masa gona. Kada ka yaba su da ƙarfi a gabansa.

Baturiya gandu ne na gwamnati, akwai ma'aikata. Ka neme su ka gabatar da kanka kafin ka shiga. Ba bindiga, ba danƙo, ba tarko. Kada ku sare ɗanyen itace, giyayya da goribar wajen sun sha gatari ya ishe su. Busasshen reshe ya isa dafa shayi, in kun tashi ku kashe wutar da ruwa ku tabbata ta mutu, don ciyawar hunturu ba ta jira. Ledojinku ku dawo da su cikin bokiti. In kun tarar da garken Fulani a mashaya ku yi sallama ku ba su wuri, haka in tudun da kuka gani shuka ce a kansa, ku wuce.

Ka kuma rubuta wa wani a gida sunan garin da za ku shiga da ranar fitowa da lambar mai garin. Sabis yana ɗaukewa a ciki.

Malamin Firamare:

Jama'a mun je mun dawo, Allah ya saka da alheri. Mun shiga ta wani gari a ƙasar Kirikasamma. Mai gari ya karanta takardar shaidar aikina har baya, ya tambaye ni sau biyu ko gwamnati ce ta aiko mu ƙidayar masunta, sannan ya sa aka kira Sarkin Ruwa. Aka ba mu wani dattijo da ɗansa.

Kwana ɗaya muka yi, ba biyu ba. Ba wani abu ya faru ba, sanyi ne ya kore mu. Ɗan Masunta ka faɗa, ban ji da kyau ba: bargo ɗaya na ɗauka, irin na ɗakin amarya mai furanni, raɓa ta jiƙa shi tun tsakar dare. Ƙarfe 3 duk mun tashi mun kewaye wutar masu banda, wani yaro yana juya tarwaɗa a kan waya yana kallonmu yana danne dariya. Abokin aikina kuwa da rigar kariyarsa ya kwana, ya ce ta fi rigar sanyi ɗumi.

Amma asubar nan. Bayan mun yi salla dattijon ya ce mu shiga, hazo ya rufe ruwan har ba na ganin ɗansa da ke gaban jirgi. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga gora in ya ɗago ta. Muka fito daga wata 'yar hanya cikin kachalla sai ga fili, bado ko'ina, rana ta fito ja kamar kwanon jan ƙarfe. Ƙanina ya yi tari. Wallahi ruwan gaba ɗaya sai ya tashi sama, agwagin da ban san suna wajen ba, fukafukansu suna ƙara kamar ana kakkaɓe tabarmi ɗari a lokaci ɗaya. Wayata tana cikin bokitin fenti, murfin ya ƙi buɗuwa. Ko hoto ɗaya ban samu ba.

Na karɓi gorar na gwada tuƙi. Na caka ta a laka ta kafe, jirgi ya wuce ya bar ta tsaye, saura kaɗan in zauna tare da ita. Dattijon ya mayar da mu da filafili ya cire abarsa, ya ce, "Malam, a koma wa alli."

Hajiya, na rubuta ranar gwajin fitsari a bangon ɗaki, tsakiyar Fabrairu, don sai da muka shiga ruwa har gwiwa muka tura jirgi a wani wuri. Baba, ledojinmu mun dawo da su. Mai Kanti, bandarka tana wajen Inna, ta ce ita ta yi addu'ar da ta dawo da mu, don haka kai biyu kawai za ta ba ka.